Wane filin wasa ya cancanci kuɗinka in rola kosta ne ya kai ka?

Jama'a masu tambaya ta wane fili za su fara, Cedar Point ko Europa-Park ko Ferrari World ko su Disney, ni dai amsata a fili take, Europa-Park na Jamus, kuma zan faɗi dalili. Amma kafin nan ku daina zaɓen fili saboda bidiyon da kuka gani na jirgin rola kosta (jirgin wasa mai gudu kan layin ƙarfe yana hawa da gangara) mafi tsawo ko mafi gudu a duniya. Hawa ɗaya minti biyu ne ko uku, sauran wunin gaba ɗaya a tsaye kake a layi, to abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne hawa nawa zan samu daga buɗe ƙofa zuwa rufewa, kuma sai na ƙara wani kuɗi a kan tikiti kafin in samu ko kuwa a'a.

Wannan abin ya taɓa ƙona min rai sosai a wani babban fili da ba zan kama sunansa ba. An sayar mana da tikiti cikakken kuɗi, babu wanda ya ce mana uffan a ƙofa, sai da muka shiga muka tarar babban jirgin da kowa ya zo dominsa a rufe yake tun kwanaki, na biyun kuma da tarago ɗaya tal suke aiki, layi ba ya motsi, ga masu tikitin tsallake layi suna ta wuce mu ta gefe muna kallo. Tun daga ranar ma'aunina ya canza, ina duba saurin ma'aikata wajen ɗora mutane da sallamar jirgi fiye da yadda nake duba tsayin ƙarfe.

A nan ne Europa-Park ya yi wa saura fintinkau. Yana garin Rust a kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa, an buɗe shi a 1975, kuma har yau a hannun iyalan Mack yake, su ne masu kamfanin Mack Rides da ke ƙera yawancin jiragen da kansu. Wato filin tun asali wurin baje kolin kayansu ne, masu filaye daga wasu ƙasashe suna zuwa su ga yadda injinan ke aiki kafin su saya, to ka ga ba za su yarda jirgi ya zauna a lalace ko layi ya tsaya cak ba, mutuncin sana'arsu ne a kan layi. Za ka ga layi ya yi tsawo har gabanka ya faɗi amma tafiya yake kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama, ba ka tsayawa wuri ɗaya. Kuma abin da ya fi burge ni, ba su gina harkarsu kan sayar da tikitin tsallake layi ba, mai kuɗi da mara kuɗi layi ɗaya suke bi, akwai ma tsarin kama layi ta manhajarsu a wasu jiragen ba tare da ƙarin ko sisi ba, akwai kuma layin mai hawa shi kaɗai a wasu, in ba ka damu da zama kusa da abokinka ba ka shige nan.

Su jiragen fa? Silver Star na 2002, tsayinsa mita 73, kamfanin B&M na Suwizalan ne ya yi shi, mutum 36 yake ɗauka a tafiya ɗaya, ba ya juya ka kai ƙasa ko sau ɗaya, aikinsa kawai ya ɗaga ka daga kujera a kan kowane tudu ka ji kamar ba ka da nauyi, zauna a kujerun baya in kana son ka ji shi da kyau. Blue Fire na 2009 ba ya jan ka sama da sarƙa a hankali, harba ka yake daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.5, juyi huɗu, kuma juyin ƙarshen nan da yake mirgina ka kusa da ƙasa wallahi har yau ban gaji da shi ba. Kujerunsa a cinya suke riƙe ka, babu ƙarfen kafaɗa da zai dinga bugun kunnuwanka, wanda ya taɓa sauka daga tsohon jirgi da ciwon kai ya san darajar wannan. Wodan na 2012 na katako ne, ga ƙara ga girgiza irin mai daɗi ba irin mai karya baya ba. Sai Voltron Nevera da aka buɗe a 2024 a ɓangaren Kuroshiya, juyi bakwai, wannan kam ba na sabon shiga ba ne, ka fara da Blue Fire tukuna. Filin an raba shi unguwa unguwa da sunayen ƙasashen Turai, Girka da Italiya da Faransa da Aislan da sauransu, ga bishiyoyi ga inuwa ga wurin zama, kuma in da yara ko iyaye a tafiyar ba za su zauna suna gadin jaka ba, akwai abin hawa daidai kowa. Wuni ɗaya ba ya isa, ka ware biyu. Ka kuma sani filin ruwansu Rulantica tikitinsa daban ne.

Cedar Point na jihar Ohayo a Amurka shi kaɗai nake ganin zai iya ja da shi, kuma in manyan jirage zalla kake so ya ma fi shi. Yana bakin tafkin Erie tun 1870, yana da Millennium Force na 2000 mai mita 94 da gudun kilomita 150 a awa, da Maverick na 2007, da Steel Vengeance na 2018 wanda da yawa cikin masu wannan harka suke sa shi a sahun farko a duniya. Matsalarsa ruwa ne ya kusa zagaye shi, iska mai ƙarfi ko hadari na iya sa a tsayar da manyan jirage, ba ya buɗewa lokacin sanyi, kuma ranar cunkoso in ba ka sayi Fast Lane, tikitinsu na tsallake layi, ba manyan kaɗan za ka samu.

Six Flags Magic Mountain na Kalifoniya yawan jirage ne da shi, ga X2 ga Tatsu, amma hawa tudu a ƙafa cikin zafi zai gajiyar da kai. Ferrari World na Abu Dhabi, Formula Rossa yana kai kilomita 240 a awa har sai an ba ka tabarau na kariya, ka hau shi ka gama, bayan shi da Flying Aces sauran ba su da yawa. Fuji-Q na Japan jirage masu zafi, Takabisha gangararsa digiri 121 ce, layi kuma a hankali. Disney na yara da hoto ne, ba na mai neman bugun zuciya ba. Alton Towers na Ingila yana da The Smiler mai juyi 14 da Nemesis Reborn, in kana ƙasar ka leƙa.

Yanzu maganar da ta fi duk wannan muhimmanci, tikitin bogi. Don Allah 'yan'uwa ku saurara. Duk filin da ka zaɓa, tikiti a shafin filin na ainihi ake saya ko a ƙofa ko wajen dillalin da filin da kansa ya ambata a shafinsa, shi ke nan. 'Yan damfara sun cika Facebook da Instagram da WhatsApp, salon su kusan iri ɗaya ne, wai mun sayi tikiti huɗu yaro ya kamu da rashin lafiya ba za mu je ba, za mu bayar rabin kuɗi, yi sauri akwai mai so. Ka tura kuɗi su turo maka hoton lambar QR, lambar nan kuwa an sayar wa mutum goma, wanda ya riga isa ƙofa shi zai shiga in ma ta gaske ce, saura na'ura ta nuna musu ja a gaban iyalansu. Hoton allo ba tikiti ba ne. Ko takardar PDF mai tambarin fili ba hujja ba ce, yaro ma zai iya haɗa ta a waya.

Akwai kuma shafukan da aka kwaikwayi na ainihi, launi ɗaya tambari ɗaya, harafi ɗaya kawai aka canza a adireshin, kuma su ne wani lokaci suke fitowa a sama in ka yi bincike saboda sun biya kuɗin talla. Rubuta adireshin da hannunka ko ka bi ta manhajar filin. Saƙon nan da ake yaɗawa wai fili kaza na bikin cika shekaru yana raba tikiti kyauta, tura wa mutum ashirin ka cike fom, ƙarya ce tsagwaronta, bayanan katinka suke nema. Wanda ya ce ka biya shi da katin kyauta ko kirifto ko ka tura kai tsaye asusun wani mutum, rabu da shi nan take, biya da katin banki a shafi na gaskiya shi ne ke ba ka damar neman kuɗinka in abu ya lalace. Katin shekara na wani ma kar ka karɓa aro ko haya, yawanci da suna da hoton mai shi a jiki, a ƙofa za a ƙwace. Haka masu tare ka a wajen ajiye motoci da abin hannu na tsallake layi wai ragowar nasu ne, da zarar an yanke shi daga hannun wani ya tashi aiki.

Ko tikitin gaskiya ma ka karanta ƙananan rubutun. Da yawa na rana ɗaya takamaimai ne, ba a mayar da kuɗi don an yi ruwa ko don jirgi kaza bai yi aiki ba. Kafin ka biya ka buɗe shafin filin ka duba jerin jiragen da ke rufe don gyara, ka duba ranakun hutun makarantu na ƙasar ka kauce musu, ka auna tsayin yaranka a gida domin Silver Star misali sai mai santimita 140 ake bari ya hau, kuma ma'aikaci ba zai ɗaga maka ƙafa ba ko da santimita ɗaya ne ya rage. Mai jiki kuma ya gwada kujerar gwaji da ake ajiyewa a bakin layin manyan jirage kafin ya shiga, in ƙarfen bai kulle ba a can ma ba zai kulle ba.