Gajeren bango ko dogo: ina ya fi dacewa da lasifikar kusurwa?

Wani ɗan'uwa ya samu Klipschorn, wata babbar lasifika da ake girkewa a kusurwar ɗaki, guda biyu na hannu. Falonsa mita 4 ne a faɗi, mita 6 a tsawo, yana tambaya ko a kusurwoyin gajeren bango zai girke su ko a na dogon. Ya ce kuma akwai ƙofa dab da kusurwa ɗaya ta dogon bangon.

Malam, wannan lasifika ba ta cika sai ta shiga kusurwa. Paul Klipsch, wanda ya fara ƙera ta a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka a 1946, naɗe ƙahon bes ɗin, wato bututu mai faɗin baki da ke fitar da sauti mai kauri, ya yi a cikin akwati, ya bar wa bango biyu da daɓen ɗaki su ƙarasa bakin ƙahon. Shi ya sa ba ka da damar juya ta yadda ka ga dama. In ta manne a kusurwa, digiri 45 take fuskanta, don haka saitin dama da na hagu suna haɗuwa a nisan rabin bangon da ke tsakaninsu. A wannan mahaɗa ko ɗan bayanta kaɗan ake son kujera.

A gajeren bango mahaɗar tana mita 2 daga bango. Wa zai dasa kujera a tsakiyar falo, gaban akwatuna biyu masu kai wa mutum ƙirji? Yawanci can baya ake komawa, mita 4 ko fiye, inda sautin ƙahonin sama, masu fitar da murya da siririn sauti, ya riga ya gitta juna yana harbin bangon gefe. Abin da kunne ke samu a nan da yawansa amsa-kuwwa ne. Muryar mawaƙi tana tsayawa a tsakiya daram, wannan kam gaskiya ne, kuma bayanka akwai sarari, amma makaɗan sai ka ji sun cunkushe wuri ɗaya.

A dogon bango mahaɗar tana mita 3, saura mita 1 a bayanka, daidai inda ake ajiye doguwar kujera a yawancin gidaje. Kana zaune ƙahonin biyu na kallon kunnenka, kalangu na can, gurmi na nan, kowa da gurbinsa, har ka iya nuna shi da yatsa. Klipsch da kansa dogon bango ya fi so. Illarsa ita ce in tazarar ta yi yawa, tsakiya takan yi rami, murya ta rabu gida biyu. Maganin da ya kawo shi ne ƙaramar lasifika ta uku a tsakiya, kuma don wannan aiki aka fito da lasifikar Heresy a 1957. A mita 6 ina ganin za ka iya ba tare da ita ba, ka fara saurare tukuna kafin ka kashe kuɗi.

Ni dogon bango zan zaɓa, amma ƙofar nan ce ta tsaya mini a rai. Kowace kusurwa na bukatar bango mai ƙwari, kamar mita 1.2 ta kowane gefe, ba ƙofa ba taga. In ƙofa ta yanke shi, bes ɗin wannan ɓangaren zai yi rauni, ka ji kiɗan ya karkata gefe guda. Ka duba ɗaya dogon bangon, in kusurwoyinsa biyu lafiya suke, magana ta ƙare. In ba haka ba, ka sa kafinta ya haɗa maka kusurwar katako mai kauri, ya ƙarfafa bayanta yadda ba za ta yi rawa ba. In ita ma ba wuri, gara gajeren bango mai kusurwa biyu cikakku. Sabbin samfurin an rufe bayansu, suna jure ɗan matsawa, amma na hannu galibi tsofaffi ne masu buɗaɗɗen baya.

Ginin bulo da siminti irin namu ya dace da ita, don ba ya girgiza kamar bangon allo. Sai dai ka haska tocila bayan akwatin ka gani ko tayil ɗin gindin bango ya hana shi mannewa, in akwai tsaga ka toshe da soso ko roba. Ka shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil, ka rataya labule mai nauyi a bangon da ke bayan kanka, tunda mita 1 kacal ke tsakaninku.