Wata bakwai da filastar silikon a kan tabon ƙunar 'yata

A hunturun da ya wuce tukunyar ruwan wanka ta kife wa 'yata mai shekara 4 a hannun dama, tun daga cikin gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu. Kafin in fito daga ɗaki maƙwabciyata ta fasa ƙwai a wurin, wata kuma ta aika a nemo gashin zomo. Taimako suka zo yi, Allah ya saka musu da alheri, amma a asibiti sai da aka wanke duk wannan tas, yarinya tana ihu. Nas ɗin ta ce mini: "Maman yarinya, da ruwan famfo kawai kuka sakar mata na minti 20 da ya fi. Ban ce ƙanƙara ba, ruwa." Har yau maganar tana ci mini rai.

Ciwon ya haura sati huɗu kafin ya rufe, na ɗauka wahala ta ƙare. Bayan 'yan makonni sai tabon ya taso, ya yi kauri da tauri kamar ƙirgi, ga ƙaiƙayin da ke hana mu barci. Abin da ya fi tayar mini da hankali, hannun ya daina miƙewa sosai. Likita ya yi mini bayani cewa ƙunar da ta wuce sati uku ba ta warke ba takan bar tabo mai tudu, mu masu baƙar fata kuma abin ya fi kama mu. Shi ya rubuta mana filastar silikon, ya tura mu sashen gashi, wato masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Filastar wani falle ne mai laushi da ɗan danƙo, ana yanka shi da almakashi daidai girman tabon. Babu magani a jikinta. Aikinta ta rufe fata ta riƙe mata danshi, wannan ne ke sa tabon ya rage tasowa ya yi laushi. A wani asibitin yara da ke Adelaide a Ostareliya aka fara gwada ta kan masu ƙuna a farkon shekarun 1980. Ba a ɗora ta a kan ɗanyen ciwo, sai fata ta rufe ruf. Mun fara da awa 4 a rana, muna ƙarawa a hankali har muka wuce awa 12. Kullum sai na cire na wanke ta da sabulu marar ƙarfi, ta bushe a inuwa, in mayar.

Da ƙaiƙayin na fara ganin amfaninta. A sati na uku yarinyar ta rage susa, ta soma kwana ba farkawa. Laushin tabon kuwa sai a wata na uku na tabbatar da shi da yatsana, na ji fatar tana motsi idan na danna. Yanzu tudun ya kwanta sosai ta wajen wuyan hannu. A gwiwar hannu, inda fata ke lanƙwasa kullum, da sauransa.

Wahalarta zafinmu ne. Mun fara a watan Afrilu, ana tsakiyar bazarar Kano, ga rashin wuta. Zufa na taruwa a ƙarƙashin filastar, ta zame ta faɗi, sau biyu ina tsinto ta a tsakar gida ta kwashi ƙasa. Ƙurajen zafi suka feso, dole muka ajiye ta kwana uku. Dabarar da ta cece mu daga ma'aikaciyar gashi ta fito: a yanka biyu ana musanyawa safe da yamma, a share zufa, sannan a ɗora safar matsi a kai ta riƙe ta. Safar nan ita ma aiki ce, kusan awa 23 ake so ta kwana ta wuni a jiki, kuma tana saki bayan 'yan watanni, balle ga yaron da ke cikin girma. Sai kuɗi. Falle ɗaya a wurinmu bai cika kai wata guda ba kafin danƙonsa ya mutu, kuma ba kowane kemis ke da ita ba.

Wani abu da nake so iyaye su ji da kyau: ba filastar ce ta miƙar da hannun 'yata ba. Motsa jikin da aka koya mana ne, da tausa da man kaɗanya sau uku a rana, da wata roba mai tauri da ake ɗaura mata a hannun da dare don kada fatar ta tsuke. Tana kuka ina kuka, amma ban fasa ba. Launin fata ma bai dawo daidai ba, wurin ya fi sauran jiki duhu, shi ya sa nake sa mata riga mai dogon hannu idan za ta shiga rana. Wanda tabonsa ya zarce iyakar ciwon yana ta yaɗo kuwa, wannan keloid ne, ya ga likita tukuna don sau da yawa sai an haɗa da allura.

Zan sake saye, na ma riga na ajiye kuɗin falle na gaba, domin an ce mana tabon ƙuna yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya gama nuna. Jiya da safe ta miƙa hannun ta ɗauko kofi a kan kantar kaya ba tare da ta karkata kafaɗa ba. Ranar Talata za mu koma a auna mata sabuwar safa.