Batirin sitatar lema mai inji: LiPo ko LiFePO4?

Mai tashi sama da lema mai inji, wato laimar da inji mai farfela ke turawa a cikin iska, yana goye da injin, tankin fetur da batirin sitata duk a bayansa. Shi ya sa zaɓin batir ba abin wasa ba ne. LiPo da LiFePO4 nau'i biyu ne na batirin lithium.

LiPo ba shi da nauyi, kuma yana murza sitata da ƙarfi. Sai dai yana son lallashi. Kowane gida nasa, wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa, yana cika a bolt 4.2, mai gida huɗu ke nan 16.8. Dole a ciro shi daga jikin injin, a sa masa caja mai daidaita gidaje, a kuma zauna kusa har ya cika. In za a ajiye shi, a sauke shi zuwa wajen 3.8 kowane gida. Da ka ga ya kumbura ko ya lotsa, rabu da shi, domin in ya kama da wuta, ba ta kashuwa da sauƙi.

LiFePO4 ya ɗan fi nauyi, amma da wuya ya kama da wuta, kuma ya fi daɗewa. Mai gida huɗu ana cajinsa zuwa wajen 14.4, yana hutawa a 13 da ɗoriya. Inda yake ruɗin mutane shi ne wajen dubawa: mita za ta nuna kusan lamba ɗaya ko da cajin ya yi ƙasa sosai. Don haka a auna shi lokacin da sitata ke juyawa, bayan an tabbatar babu kowa kusa da farfela. Sanyi kuma yana rage masa kuzari.

Ni dai LiFePO4 nake ba da shawara, muddin littafin injin ya yarda da shi.