Sharhin faifan Back in Black: Malcolm a hagu, Angus a dama

Duk mai son shiga gardamar wa ya fi tsakanin 'yan'uwan nan biyu masu kaɗa jita a ƙungiyar kiɗan rok ta AC/DC, to ya fara mallakar wannan faifai na 1980. Waƙoƙi 10 ne, kusan minti 42, an naɗe su a ɗakin Compass Point da ke Bahamas ƙarƙashin furodusa Mutt Lange. Na sayi CD ɗin da aka sake tacewa a 2003, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, don an raba jitocin biyu sarai: Malcolm Young a kunnen hagu, ƙaninsa Angus a dama.

Sai dai wannan rabon ba ya fitowa a lasifikar waya ko ƙaramar lasifikar Bluetooth mai baki ɗaya, domin tana cakuɗa ɓangarorin biyu su zama dunƙule. A sa hedifon mai waya, a duba saitin waya ko kwamfuta kada ya kasance a kan mono, wato saitin da ke haɗe hagu da dama. Wanda ke son tantancewa sosai ya buɗe waƙar a manhajar Audacity, ya raba layin sitiriyo gida biyu, ya kashe na dama.

Jitar da za ta fito fili ita ce ta Malcolm, kuma a nan ne mamakin yake. Sautinsa kusan tas yake, babu ƙazamin gurnanin da mutane ke zaton shi ne rok. Jitar da aka san shi da ita Gretsch Jet Firebird ce ta 1963, wadda ya cire mata na'urorin ɗaukar sauti biyu ya bar guda ɗaya kusa da gindin tsirkiya. Tsirkiyoyinsa masu kauri ne, daga lamba 12 suke farawa, yana dukansu da ƙarfi, sannan ya danne su da tafin hannu su yi tsit nan take. Wannan shirun da ke tsakanin bugu da bugu shi ke ba ganga da jitar bes wurin numfashi. Masu koyo nan suke faɗuwa: su murɗa gurnanin amfilifaya har ƙarshe, sautin ya yi ta jan jiki, gibin ya toshe, kiɗan ya zama kunu. A rage gurnanin zuwa ƙasa da rabi, a bar hannun dama ya yi aikin.

Angus kuwa Gibson SG yake riƙewa, da siraran tsirkiyoyi masu sauƙin lanƙwasawa. Girgiza tsirkiyarsa mai sauri ce, kuma solo ɗinsa, wato inda jitarsa ke jan kiɗan ita kaɗai, daga salon kiɗan bulus ya samo asali, ana iya rera shi da baki. Gwani ne, ba musu. Amma kashe kunnen hagu ka saurari dama kaɗai, za ka ji kiɗan ya rasa ƙashin baya. Ni dai a wurina Malcolm, wanda ya rasu a Nuwamba 2017, shi ne ginshiƙin, duk da cewa idon 'yan kallo na kan Angus mai gajeren wandon makaranta.

Aibin wannan bugu na 2003 ɗaya ne: an ɗaga ƙararsa fiye da tsofaffin bugu, don haka faifan ƙarfen ganga yana ɗan soka kunne idan an ƙure murya. Kwafin MP3 mai ƙarancin inganci (128 kbps) da ake turawa a waya ya fi muni, yana dusashe kaifin bugun Malcolm. A nemi CD ko FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba a rage ingancinsa ba.