PicoRV32, NEORV32 ko VexRiscv: wanne zai ɗauki kanel ɗinka?

Waɗannan firosesoshin na RISC-V (buɗaɗɗen tsarin umarnin firosesa) da ake ɗorawa a kan FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irarsa, kyauta ake saukar da su. Kuɗinka a allon FPGA zai tafi, sai kuma lokacinka. Don haka kafin ka sayi allo, ka tsayar da kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura) ɗin da za ka yi aiki da shi, sannan ka buɗe lambar firosesar ka duba ko za ta iya ɗaukarsa.

A fara da PicoRV32, wanda Claire Wolf ta rubuta da Verilog, harshen tsara da'irar lantarki. Fayil ɗaya ne tak, picorv32.v, mutum zai iya karance shi a zama biyu ko uku, kuma ba ya cin wuri: LUT (ƙananan tubalan ginin FPGA) 750 zuwa 2000 a kan FPGA na Xilinx jerin 7. Amma ga inda gizo ke saƙar. Ka nemi kalmar mtvec ko mepc, rajistocin katse aiki na ƙa'idar RISC-V, a cikin fayil ɗin, ba za ka samu ba. Abin da za ka tarar shi ne retirq da maskirq, wato nasa tsarin katse aiki na kansa, wanda bai bi ƙa'idar RISC-V ba. Shi kuwa FreeRTOS na RISC-V, ƙaramin kanel na ƙananan na'urori, da rajistocin mtvec da mepc yake sauya aiki daga wannan zuwa wancan, don haka sai ka zauna ka sake rubuta wannan ɓangaren da hannunka. In ƙaramin shiri za ka gudanar ba tare da kanel ba, ya wadatar. In da kanel, ni dai ba zan ba ka shawararsa ba.

NEORV32 na Stephan Nolting da VHDL, wani harshen irin Verilog, aka rubuta shi, ya bi ƙa'ida wajen katse aiki da agogon mtime, kuma FreeRTOS da takwaransa Zephyr suna hawa kansa. Bayanansa a rubuce suke dalla-dalla, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan fanni. Ba shi da MMU, wato sashen da ke sarrafa ƙwaƙwalwar ajiya, saboda haka cikakken Linux ba nasa ba ne.

Mai son Linux sai ya nufi VexRiscv na Charles Papon. Ana iya saka masa MMU, kuma ta hanyar LiteX, manhajar haɗa firosesa da sauran sassa a FPGA, yana tayar da Linux a alluna irin su Arty A7 mai RAM megabait 256. Kada ka sayi ƙaramin FPGA iCE40 UP5K da wannan niyyar: kilobait 128 na RAM ɗin cikinsa kaɗai ba za su ishi Linux ba. Wahalar VexRiscv a wajen bita take. Da SpinalHDL aka rubuta shi, wanda ke zaune kan harshen shirye-shirye na Scala, Verilog ɗin kuwa injin ne ke fitar da shi, cike da sunaye masu farawa da _zz_ waɗanda ba sa gaya maka komai. In ba ka iya Scala ba, ka saka makonnin koyonsa cikin lissafi.

Akwai kuma Ibex na lowRISC, wanda ke cikin guntun tsaro na OpenTitan, an gwada shi sosai. Sai dai da SystemVerilog aka rubuta shi, kuma masu amfani da Yosys, manhajar da ke mayar da lamba da'ira, sukan fara juya shi zuwa Verilog da sv2v tukuna. Firosesar CVA6 kuwa babba ne, yana son allo mai tsada irin Genesys 2.

Ga ɗalibi ko ƙaramin aiki mai buƙatar FreeRTOS, NEORV32 zan ɗauka, in fara gwada shi a GHDL, manhajar kwaikwayon VHDL, a kan kwamfuta tun kafin in yi odar allo.