Shekara guda ina ajiyar bidiyon biki a kaset ɗin LTO-6

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, shagona yana unguwar Zariya a nan Maradi. Bara faifan ajiyata ya mutu da bikin gida bakwai a cikinsa. Akwai wata Hajiya da har yau in mun haɗu ba na iya haɗa ido da ita, bikin ƴarta ta fari ne ya tafi. Dalilin da ya sa ke nan na yi saƙon na'urar kaset LTO-6 ta hannu daga Kano, wadda ke ajiye bayanan kwamfuta a kan kaset mai zare, haɗe da katin SAS, don ba ta USB take shiga kwamfuta ba.

Kaset guda yana cin terabayit 2.5. A kwali za ka ga 6.25, amma wannan sai bayanan da ke matsuwa. Bidiyo a matse yake tun daga kyamara, kada ka sa rai.

A Linux nake aikin, wato wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kowane umarni rubutawa ake yi. Da mt -f /dev/nst0 status nake duba ko kaset ya zauna, sannan tar -cvf /dev/nst0 da sunan jakar bikin. To, a kula da harafin n ɗin nan. In ka rubuta st0, na'urar tana mayar da kaset farko da zarar ta gama, ajiya ta biyu sai ta hau kan ta farko ta shafe ta, ba tambaya ba gargaɗi. Ya faru da ni a satin farko. Allah Ya taimake ni, asalin bidiyon yana kan kwamfuta. Yanzu kafin in ƙara wani abu sai na rubuta mt -f /dev/nst0 eod, ta kai ni ƙarshen abin da ke ciki. Kaset ɗin da ya cika kuwa, ina tura jan makullin da ke jikinsa, ba ya sake karɓar rubutu.

Na'urar ba ta rasa aibu ba. Tana da ƙara, kuma neman fayil guda sai haƙuri, don sai zaren ya zagayo wurin. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta: lulluɓe ta nake yi, kaset ɗin gogewa kuma sai ta kunna fitilar neman sa nake saka mata. In babu batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kada ka fara.

Mai hotunan waya kawai bai buƙace ta ba. Ni da amanar mutane ke hannuna, ban yi nadamar kuɗina ba. Kowace Asabar ina zaro tsohon kaset, in karanta shi da tar -tvf, in fito da biki ɗaya in kalla har ƙarshe.