PS5 da tsofaffin faifan PS4: abin da gwaji ya nuna, da batun ko rimasta ta kusa mutuwa

Tun da PS5 ta fito a Nuwamba 2020 ake maimaita magana ɗaya a ɗakunan wasa na Damagaram, daga Zango har Sabon Gari: tunda sabuwar na'ura tana cin tsohon faifai, kamfanoni za su daina sayar mana da wasa ɗaya sau biyu da sunan an yi masa kwaskwarima, abin da ake ce wa rimasta. Na gwada faifan PS4 iri-iri a kan PS5 mai ramin faifai, na haɗa da Xbox Series X don kwatance. Hukuncina shi ne karɓar tsofaffin wasanni abu ne mai kyau ƙwarai, ya isa dalilin sayen na'urar, amma bai taɓa kasuwar rimasta ba, kuma ban ga alamar na'urorin da ke tafe za su taɓa ta ba.

Mu fara da abin da ke aiki. PS5 tana karɓar kusan duk wasannin PS4, sama da 4,000. Ka sa faifai, ta kwafe shi zuwa cikinta, ka buga, ba sai da intanet ba. Faifan dai sai yana ciki duk lokacin da za ka kunna wasan, domin shi ne shaidar cewa naka ne. Dalilin wannan sauƙin yana cikin ƙirar: PS4 da PS5 duka kamfanin AMD ne ya yi musu ƙwaƙwalwa, tsatso ɗaya, yare ɗaya, don haka sabuwar ba ta buƙatar tafinta kafin ta fahimci umarnin tsohuwar. Lodi ya ragu sosai saboda ma'ajiyar SSD, kuma fankar da take kuka kamar injin niƙa a kan tsohuwar PS4 idan aka sa God of War a watan Afrilu, a nan shiru take.

Ga mai ɗakin wasa, babbar ribar tana wajen manet, abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan. Manet ɗin PS4 na asali yana aiki a kan PS5 muddin wasan PS4 ake bugawa. Da zarar ka buɗe wasan PS5 sai ta ƙi shi. Wato wanda yake da manet huɗu na PS4 da faifan wasan ƙwallo, PES 2021 ko FC na PS4, zai iya canza na'ura ba tare da ya sayi sababbin manet ba, kuma kowa ya san hannun yara ba ya barin manet ya tsufa. Na jabu da suka cika kasuwa kuwa sau da yawa ba ta karɓarsu, a gwada a gaban mai shago kafin a biya. Fayil ɗin da ake sa wa PES 2021 don gyara sunayen ƙungiyoyi da riguna shi ma yana shiga ta kile, cikin jaka mai suna WEPES, kamar yadda ake yi a PS4. Abu ɗaya da za a sani: FC na PS4 da ake bugawa a kan PS5, idan an hau layi, da ƴan PS4 da Xbox One yake haɗa ka, ba da ƴan PS5 ba.

Wuri shi ne matsala ta farko. PS5 ta farko an rubuta mata jiga 825, amma abin da ya rage maka 667 ne, manyan wasanni bakwai ko takwas sun cinye shi. Maganin shi ne diskin waje: daga jiga 250 zuwa tera 8, mai USB 3.0 ko sama. Wasannin PS4 suna tashi kai tsaye daga kansa; na PS5 ajiya kawai yake yi musu, sai an mayar da su ciki kafin a buga. Diskin da aka riga aka tsara wa PS4 ana ciro shi a soka a PS5 da wasanninsa. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: suna soka shi a ramin USB na gaba, babban, alhali a PS5 ta farko wannan ramin mai jinkiri ne, sai na'urar ta ce ba ta yarda da diskin ba, a ɗauka ya lalace. A soka shi a baya, kai tsaye, ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba. Ajiyar inda ka tsaya a wasa kuma ana kwafe ta daga PS4 zuwa kile mai tsarin FAT32 ko exFAT, amma ba ta buɗewa sai da asusun da ya yi ta.

Sai kuran. Idan wuta ta ɗauke na'urar tana yanayin hutu da diskin waje a jiki, da ta dawo za ta tsaya tana gyaran ma'ajiya, wani lokaci wasa ɗaya ya lalace sai an sake kwafe shi daga faifai. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, yanayin hutu ba namu ba ne, a kashe ta gaba ɗaya. Tana jan wajen wat 200 a manyan wasannin PS5, don haka ondilar da za a haɗa mata da tele ya zama mai ƙarfin da zai ba ka mintunan kashewa. Ƙurar hunturu kuma: murfin gefe yana zamewa ba tare da an kwance kusa ko ɗaya ba, a ƙarƙashinsa, a samfurin farko, akwai ramuka biyu da aka yi don tara ƙura. A zuƙe su, a share fanka da burushi mai laushi. Faifan da aka ajiye ba kwali a kan tebur, rairayi ya karce shi, kwafi zai tsaya a tsakiya ko da wace na'ura ce.

Yanzu ga inda maganar rimasta take. Ka sa Bloodborne na 2015 a PS5. Yana tashi, lodi ya yi sauri, amma ka juya sandar dama a hankali ka kalli ginshiƙai da fitilun titi suna wucewa: suna tafiya da ɗan tsalle-tsalle, hoto 30 a daƙiƙa, daidai yadda yake a PS4. Na'urar tana da ƙarfin ninka wannan, amma an kulle adadin a cikin wasan, kuma mabuɗin yana hannun kamfani. Ka cire shi ka sa God of War na 2018 wanda aka saukar wa gyaran da muke ce wa mizajur, wanda ya fito a Fabrairu 2021: hoto 60 a daƙiƙa, gatari yana dawowa hannu sumul, kyauta. Bambancin waɗannan biyun ba na fasaha ba ne. Wani an ga dama an buɗe shi, wani ba a ga dama ba. Muddin kamfani ne ke yanke wanda za a buɗe kyauta da wanda za a bari a kulle, yana da abin da zai sayar gobe. GTA V ya isa misali: 2013 a PS3, 2014 a PS4, sannan Maris 2022 a PS5. Faifan PS4 yana aiki a PS5 da hoto 30. Mai son 60 sai ya sake sa hannu a aljihu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko wasannin da aka buɗe kyauta ba su tsira ba. The Last of Us Part II ya samu hoto 60 kyauta a Mayu 2021, amma a Janairu 2024 aka fito da rimastarsa. Horizon Zero Dawn ya samu nasa gyaran a Agusta 2021, rimasta ta biyo a Oktoba 2024. Abin da karɓar tsohon faifai ya canza shi ne farashi: mai faifan PS4 yana biyan yuro 10 ne, wato sefa 6,560, a ɗaga shi zuwa sabon. Na sa tsoho da sabo na The Last of Us Part II a kan tele mai 1080, irin wadda ke yawancin gidaje, daga nisan zama na mita biyu zuwa uku. Sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci a ciyawa da inuwa. Abin da ake ji da gaske shi ne saurin lodi, da motsin manet na PS5, da sabon yanayin faɗa da aka ƙara. Wanda bai damu da waɗannan ba, ya riƙe kuɗinsa.

Kuma yuro 10 ɗin nan a takarda ne kawai. A Damagaram lissafin ya fi haka. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa yawanci asusun Faransa ake buɗewa, a cika shi da katin kuɗi na yankin. Ɗagawar ba ta fitowa sai yankin faifai ya dace da yankin asusu. Faifan da ya biyo ta Kano ko Dubai yana iya zama na Turai da Gabas ta Tsakiya, yana iya zama na Amurka. Wasan kansa zai yi aiki ko daga ina yake, amma faifan Amurka da asusun Faransa ba za su ba ka ɗagawa ba, haka ma ƙarin kayan wasa da ka saya ba za su shiga ba. A duba bayan kwali kafin ciniki: alamar PEGI ta Turai ce, ESRB ta Amurka. Bayan wannan, sabon wasan ba ya cikin tsohon faifai, sauke shi ake yi gaba ɗaya, sama da jiga 50 ga irin waɗannan manyan. Kuɗin forfe da kwanakin jira kan iya wuce kuɗin ɗagawar. Har mizajur ɗin kyauta ma sai da intanet: faifai kaɗai yana ba ka wasan ne yadda ya fito ranar farko.

Wata katangar kuma ita ce PS3. PS5 ba ta karanta faifan PS3, ko PS2, ko PS1. PS3 ta 2006 an gina ta a kan ƙwaƙwalwa mai suna Cell, wadda tsarinta ya sha bamban da na yau, kuma kwaikwayon aikinta yana da nauyi. Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, ta taɓa bin hanya mai tsada: PS3 na farko-farko suna ɗauke da kayan PS2 a cikinsu, daga baya aka cire don rage farashi. Yau hanyar da Sony ta bayar ga wasannin PS3 ita ce a buga su ta intanet daga na'urorinta, a babban matakin PlayStation Plus, kuma wannan ba ya zuwa nan. Saboda haka God of War III na 2010 yana buguwa a PS5 ne kawai albarkacin rimastar PS4 ta 2015, haka Uncharted ukun farko albarkacin tarin da aka fitar a shekarar. A irin wannan wuri ba na zagin rimasta, ita ce gadar.

Xbox ta fi kowa ƙoƙari. Tun 2015 ta fara karɓar wasannin Xbox 360, a 2017 ta ƙara na Xbox ta farko, kuma wasu ta ɗaga musu hoto da kanta ba tare da mai wasan ya sake rubuta shi ba. Red Dead Redemption na 2010 ya yi kyau a Series X har ka rantse sabo ne, alhali ƴan PlayStation sai 2023 suka same shi a PS4 da kuɗi yuro 50. Amma zaɓaɓɓu ne, ɗari shida da wani abu daga cikin na 360, kuma a Nuwamba 2021 kamfanin ya ce ya tsaya, saboda lasisi da shari'a da iyakar fasaha. Sannan faifan 360 mabuɗi ne kawai: ka sa shi, na'urar ta sauke wasan daga intanet. Series S kuwa ba ta da ramin faifai sam.

Lasisin nan shi ne abin da ƙarfin na'ura ba ya warwarewa. Waƙa a rediyon mota, sunan mota, fuskar ɗan ƙwallo, duk haya ce ta shekaru. Tarin tsofaffin wasannin GTA guda uku da aka sake fitarwa a Nuwamba 2021, har da San Andreas, ya zo da kurakurai masu yawa, wasu waƙoƙin da aka sani tun zamanin PS2 babu su, kuma an janye tsofaffin daga kantin intanet kafin fitowarsa. Wannan dabara ce da ya kamata a lura da ita: na'ura tana iya karɓar tsohon wasa, amma idan an daina sayar da shi, sabon mai saye rimasta kaɗai zai tarar. Wasannin ƙwallo kuwa ba a yi musu rimasta, sabon na bana ake so ka saya. Masu kewar PES 2013 su ci gaba da lallaɓa PS3 ko PS2 ɗinsu.

Akwai wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. Yawancin PS2, PS3 da PS4 da ke yawo a garin nan filashe ne, wasanninsu zubi ne a kan diski, ba faifai ba lasisi. Ko ɗaya daga cikinsu ba zai bi ka zuwa PS5 ta asali ba. Duk wannan alherin na mai faifan asali ne ko wanda ya saya da asusunsa. Shi ya sa shawarata ga mai saye a Damagaram ita ce ya ɗauki mai ramin faifai ko da ta fi tsada, domin faifan PS4 na hannu shi ne hanya mafi arha ta tara wasanni, ana musaya, ana sayarwa. A kula da PS5 siririya da ta fito ƙarshen 2023: ramin faifanta cirewa ake yi, kuma yana buƙatar intanet sau ɗaya don ya yi rajista da na'urar. A sa mai shago ya yi wannan a gabanka, ya sa faifan PS4 ɗaya, ka ga ya kwafe ya tashi, sannan ka ƙirga kuɗi.